Shekarar da Na Gyara Jirgin Iya Falmata

'Ya'yana, na daɗe da sanin abin da kuke faɗa a tsakaninku game da ni da ƙanena Sabo, Allah ya jiƙansa. Wasunku sun ɗauka rabon gidanmu na Koki ne ya raba mu. Wasunku kuma sun ji a bakin dangi cewa hassada ya yi mini, don na yi boko shi bai yi ba. Duka biyun ba gaskiya ba ne, kuma na yi shiru a kansu fiye da yadda ya dace, saboda shirun yana rufa mini asiri. An raba gidan Koki ba tare da ko musu ba. Sabo kuwa, a iya sanina, bai taɓa kwana da hassadar kowa a ransa ba. Abin da ya shiga tsakaninmu wani allon katako ne, tsawonsa bai cika kamu biyu ba, da zanen jirgin yaƙi a jikinsa. Zan rubuta muku yadda abin ya faru daki-daki, kuma ina roƙonku kada ku nema mini uzurin da ni ban samar wa kaina ba.

Dole in fara da yadda aka yi mu biyu muka zama masu zane, amma ba iri ɗaya ba. Ina ƙarami mahaifinmu ya ba da ni riƙo ga wani amininsa ma'aikacin jirgin ƙasa, can kudu da Zariya, a garin da babu makarantar boko sai ta Mishan. A can na koyi karatu da lissafi, a can kuma wani tsohon Bature ya koya mini zane. Mutumin ba ya duka, ba ya tsawa. Idan ka kai masa aikinka sai ya ɗora rula a kan layin, ya ɗaga takardar zuwa hasken taga, in ya ga layin ya kauce ko da faɗin gashi ne sai ya yage ta biyu a natse, ya miƙo maka sabuwa. Abin da ya dasa mini shi ne, wanda ya zana abu ba yadda yake ba ƙarya ya yi, kuma ƙaryar hannu ba ta fi ta baki sauƙi ba. Na dawo Kano da addinina cikakke, amma na dawo da wannan hukuncin ma, na kuma ajiye shi dab da addini. Na sami aiki a ofishin da ake zana gine-ginen gwamnati, aka san ni da cewa takardata ba ta dawowa gyara. Sabo shi a gida ya tashi. Ya yi karatun allo, sannan ya bi masu fentin manyan motoci, ya zama mai zana zaki da dabino da tsuntsaye a bodin katako. Zakinsa yakan fito da idon mutum, dabinonsa yakan yi 'ya'ya manya kamar gwanda, amma direbobi sukan ajiye mota mako guda suna jiran hannunsa. Ni ban taɓa kiran aikinsa zane ba. Shafe-shafe nake ce masa, a gabansa, shi kuma ya yi dariya ya ce:

"Yaya, ai kai ko doki za ka zana sai ka tambaye shi shekarunsa da sunan ubansa."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan Goni, wani malamin Alƙur'ani wanda kakanninsa da namu tare suka taso daga Barno. Matarsa Iya Falmata ta haihu sau da dama, amma Lawan kaɗai ya rayu. Sa'an Sabo ne, kuma tun suna yara ba a ganin ɗaya sai da ɗaya. Goni ba ya yarda hoto ya kwana a gidansa. Ranar da Lawan ya fara zuwa hutu da kakin sojan sama, ya kawo wa uwarsa hotonsa, uban ya sa shi ya jefa a murhu da hannunsa, kuma ya jefa. Goni ya rasu a farkon yaƙin basasa. Lawan kuwa aka sa shi a irin matsakaicin jirgin nan mai jefa bam, mai inji biyu, ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike, wanda ba shi da farfela. Mutum uku yake ɗauka: matuƙi a sama, mai duba hanya a cikin hancin gilashi, da mai bindiga can a wutsiya shi kaɗai, yana fuskantar baya. Lawan shi ne na wutsiyar. Iya Falmata ba ta san wannan ba. A wurinta ɗanta ne yake tuƙa jirgin, haka take gaya wa matan unguwa, kuma ba wanda ya ga dalilin gyara mata. Wata safiya jirginsu ya tashi bai dawo ba. Ba a kawo gawa ba. Akwatinsa aka kawo, da riguna da bargo da carbi, babu hoto a ciki.

Bayan yaƙi ya ƙare da kamar shekara guda, wani babban hafsa ya zo ofishinmu yana neman wanda zai zana musu irin wannan jirgi da mutanensa, a rataye a ɗakin cin abincin hafsoshi. Ya zo da wani littafi na zane-zanen da Turawa suka yi wa jiragensu na yaƙi, ya buɗe mini shafi-shafi, ga jirage cikin gajimare, ga samari tsaye a gindin fiffike da hulunan kwano a hannu. Ya ce irin wannan suke so, in akwai wanda zai iya a ƙasar nan. Maganar ta taɓa ni. Mako uku na yi ina zuwa filin jirgi da tef da rula da littafin awo. Na auna fiffike daga tushe zuwa baki, na auna bakin inji, na shiga ƙarƙashin cikin jirgin na kwanta rigingine na ƙirga ƙusoshin ƙofar da bam yake fitowa. Ina so ku san cewa a duk kwanakin nan ban taɓa tsayawa na tambayi kaina a kan wa abin da ke fitowa ta ƙofar nan ya sauka ba. Ƙusoshi nake ƙirgawa. Zanen ya fito yadda nake so. Mutanen uku na tsayar da su a gefe, ƙanana, sun ba mai kallo baya, don ban da fuskar da zan auna. Ranar da aka rataye shi wani makanike ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce da za a rasa littafin jirgin, da wannan zanen za a iya harhaɗa wani. Ban taɓa jin yabon da ya shige ni kamar wannan ba, kuma da shi na dawo gida.

Labari ya zaga unguwa. Wata Asabar da hantsi Iya Falmata ta shigo gidanmu, ta zauna wajen mahaifiyarku Binta suka gaisa, sannan ta sa aka kira ni. Na durƙusa na gaishe ta.

"Malam Umaru, an ce ka zana jirgin su Lawan, har manya suna ta sa albarka."

"Haka ne, Iya."

"To ni ma ka zana mini. Ƙarami ma ya ishe ni. Amma ka sa shi a ciki, yadda zan riƙa ganinsa."

"Akwai hotonsa a wajen wani?"

"Ai ka san Goni."

"To da me zan auna, Iya?"

"Ka auna me? Ba a gabanka ya zama mutum ba? Ba kai ka raka shi tasha ranar da zai tafi ba?"

"Na san shi, Iya, amma sani daban, awo daban. In na zana da ka, wani zan zana in ce miki shi ne. Ba zan yi miki haka ba."

Ta daɗe tana kallon tabarma. Sannan ta ce Allah ya yi mini albarka, ta dafa bango ta miƙe. Bayan ta fita mahaifiyarku ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsince shinkafa. Ni kuwa na koma ɗaki da jin cewa na tsare amana.

Sabo ya ji abin da ya faru. Ya samo ragowar katakon bodin wata mota, ya goge, ya yi kwana biyu a zauren gidan Goni da gwangwanayen fentinsa. Da ya gama, mata suka yi ta shiga kallo, har daga Mandawari ake zuwa. Ni sai bayan mako guda na leƙa, da sunan gaisuwa. An jingina allon a kan akwatin Lawan, daura da gadonta. Jirgin kore ne da fari, da farfela har uku, fukafukansa a lanƙwashe kamar na shaho, ga furanni sun kewaye gefen allon irin na bayan mota. A tagar gaba kuwa ga fuskar Lawan, ta cika kusan sulusin allon, da tsagen Barebari a kumatunsa, bakinsa a ɗan karkace kamar yana danne dariya a gaban babba. A nan zan faɗi abin da ban faɗa ba a ranar, ban kuma faɗa ba har Sabo ya bar duniya. Tun daga bakin ƙofa na gane shi. Shi ne. Har gabana sai da ya faɗi. Amma da Sabo, wanda na tarar a ɗakin, ya dube ni yana jiran abin da zan ce, sai na ce masa jirgin su Lawan ba shi da farfela, kuma wannan da ya zana ko daga kan katanga aka sako shi ba zai tashi ba. Ya yi dariya ya ce ai dama ba tashi Iya take so ya yi ba, zama take so ya yi. Iya Falmata ta riƙe allon nan da kulawar da ban taɓa ganin an yi wa wani zane ba. In za ta yi salla sai ta juya shi ya fuskanci bango. In almajiran Goni na da suka zo gaishe ta sai ta rufa masa mayafi, don kada ta ɓata wa mijinta suna. In ɗakin ya zama nata ita kaɗai sai ta buɗe.

Da damina ta yi ƙarfi a shekarar, rufin ɗakinta ya yi yoyo, ruwan ƙasa ya zubo a kan kusurwar allon ta ƙasa, fentin wajen ya kumbura ya ɓare. Ɓarnar ba ta wuce tafin hannu ba, kuma furanni kawai ta ci da ɗan bakin fiffike ɗaya. Sabo yana Gusau a lokacin, an ɗauke shi aikin motoci da yawa, ba a sa ran dawowarsa sai bayan wata guda. Iya ta naɗe allon a zane ta ba mahaifiyarku, ta ce ta roƙe ni in taɓa mata kusurwar kafin ɓarnar ta ci gaba. Na karɓa, kuma Allah shaida ne da niyyar kusurwar na karɓa. Ranar farko na kankare wajen, na cike, na mayar da furannin yadda suke duk da ba na son su. Da na zo bakin fiffiken sai hannuna ya ƙi bin lanƙwasar Sabo. Na ce bari in miƙe wannan ɗan wajen kawai. Da na miƙe shi sai ya ƙi haɗuwa da sauran fiffiken, sai na miƙe fiffiken duka. Fiffike ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe ba ya kallo, sai na bi ɗayan. A rana ta biyu na ɗauko littafin awona. Na share farfelun nan uku, na sa inji biyu a inda suke. A rana ta uku na gyara wutsiya, na mayar da kore da fari launin toka irin na ainihi. Kowane mataki ina jin kamar alheri nake yi wa tsohuwar, ina cewa a raina ta roƙe ni jirgin ɗanta na hana ta, ga shi yanzu za ta samu na gaskiya. Mahaifiyarku ta shigo da abinci ta tsaya a bayana.

"Malam, kusurwa fa aka ce."

"Abin da ya lalace nake gyarawa."

"Ruwa bai zo nan ba."

"Ba ruwa kaɗai ke lalata zane ba."

"To ka tsaya haka nan. Ka bar mata yaron."

"Binta, ki bar ni da aikin da na sani."

Ta ajiye kwanon ta fita. Da ma na ji maganarta, da har yau ba a rasa komai ba sai farfela uku. Amma da jirgin ya zama daidai, sai fuskar ta zama ita ce kaɗai kuskuren da ya rage, kuma ta fi kowane girma. Na auna ta da ma'aunin jirgin, na ga in da gaske ne kan mutumin ya kai ɗaki guda. Kuma tana zaune a kujerar da ba tasa ba. Yini guda na yi ina shiga ina fita ina kallonta. A rana ta huɗu bayan la'asar na ɗauki samfefa. Fentin mota yana da tauri, sai da na sa ƙarfi, kuma na lura idanun ne suka fi daɗewa kafin su tafi, don Sabo ya maimaita musu fenti. Na goge har katako ya fito fari. A wurin na zana tagar matuƙi da girmanta na gaskiya, da wani mutum a ciki da hular kwano. Lawan kuwa na kai shi wutsiya, a cikin ɗan kejin gilashinsa, kansa bai fi ƙwayar wake ba, yana kallon baya. Akwai takardar kwafi mai shara-shara a aljihun teburina, wadda ba na fara kowane gyara a ofis sai na shimfiɗa ta na kwafe abin da zan taɓa. A ranar ban ɗauko ta ba. Ban manta ba ne. Na ga abin bai kai a kwafe shi ba.

Da fentin ya bushe ni da kaina na kai mata. Na warware zanen na jingina allon a kan akwatin, na koma gefe na tsaya kamar yadda na tsaya a ɗakin hafsoshi. Ta matso. Ta ƙara matsowa. Sannan ta ɗauke shi da hannu biyu ta kawo shi dab da fuskarta, tana bi daga wannan gefe zuwa wancan, har hancinta yana kusan taɓa katakon.

"Ina yake?"

"Ga shi nan, Iya, a wutsiya. Nan ne wurin zamansa na gaskiya."

Na kama yatsanta na ɗora a wurin. Ta shafa.

"Wannan ɗigon?"

"Haka girman mutum yake in an gwada shi da jirgi."

"Fuskarsa ina take kallo?"

"Baya. Aikinsa ke nan, shi ne mai bindigar baya."

"Ba shi ke tuƙawa ba?"

"A'a, Iya."

"To wane ne a gaban?"

"Wani ne. Ban san shi ba."

Ta sauke allon a cinyarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, kamar da kanta take magana, ashe a baya suka sa shi, shi kaɗai. Sannan ta ce ta gode da wahalar da na sha, in gaida Binta. Na fito ina jin wani abu bai tafi daidai ba, amma har na isa gida ina gaya wa kaina cewa tsofaffi sukan ɗauki lokaci kafin su saba da sabon abu.

Sabo ya dawo bayan mako biyu. Ya shiga gidan Goni kafin ya shiga namu, sannan ya same ni a zaure ina fiƙe fensir. Ya yi sallama, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya gama ya ce:

"Yaya, ka ɗauki kwafi?"

"A'a."

"Kai da kake ajiye kwafin wasiƙar gaisuwa."

"Ban ga amfaninsa ba."

"Ka san me ya sa na yi kan da girma haka?"

"Haka kuke yi a bayan mota."

"Yanar ido ce ta fara rufe mata gani, Yaya. Ba ta gaya wa kowa, tana jin kunya. Kafin in taɓa fenti sai da na ɗauki gawayi na yi ta zana da'ira a bangon zaure, ƙarama, babba, wadda ta fi ta, ina tambayarta, har muka kai wadda ta ce tana gani daga kan gadonta. Da ita na auna kan. Ka ga ni ma na yi awo."

Ya kamata a nan in sunkuyar da kai. Magana ɗaya ce ta rage mini, kuma gajeriya ce. Amma ni an koya mini cewa ana ba da haƙuri ne a kan kuskure, kuma na duba aikina ban ga kuskure ba. Na ce masa:

"Zanena daidai yake. Nuna mini wuri ɗaya da na kauce."



"Babu," in ji shi. "Ko ɗaya babu."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita, kuma daga ranar bai sake yi mini ba'a ba. Ku da ba ku san shi yana saurayi ba, ba za ku gane girman wannan ba.

Ya yi ƙoƙarin sake zanawa. Allo huɗu ya ɓata a cikin wata biyu, yana ƙin aikin motoci saboda su. Kowanne in ya gama sai ya kai mata, ta kawo shi dab da ido ta daɗe, sannan ta ce Allah ya yi masa albarka, yaron kyakkyawa ne, amma ɗan wata ne. Ya gaya wa mahaifiyarku cewa ranar da ya yi na farko Lawan yana tsaye a gabansa, yanzu kuwa in ya rufe ido zanen yake ƙoƙarin tunawa, zanen kuma ya tafi da mutumin. Ni ma na gwada, a ɓoye, abin da na ƙi yi ranar da aka roƙe ni. Na iya tsagen, na iya faɗin goshi, na iya kunnuwa, amma in na haɗa su sai wani baƙo ya dube ni daga takardar. Na rubuta wasiƙu zuwa wuraren da nake zaton za a sami hotonsa na aiki, na bi waɗanda suka yi kwas tare da shi. Wanda ya tuna shi ba shi da hoto, wanda yake da hoton taro kuma ya kasa nuna mini wanne ne shi a cikin kawunan. Allon nawa Iya ta dawo da shi ta hannun mahaifiyarku, a naɗe cikin zanen da ta aiko shi, ta ce a kai wa sojoji, su suka san jirginsu.

Sabo ya yi aure ya koma Ƙofar Mazugal. Bai yanke zumunci ba, kuma ina so ku rubuta wannan a ranku. Yana zuwa Salla, yana zuwa suna, shi ya riƙe makarar mahaifiyarku ta gaba. Amma bai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da ni ba, ni kuma girman kai bai bar ni na tambaye shi dalili ba, don na san dalilin. Shekara da shekaru ina shirya maganar da zan faɗa masa, ina gyara ta, ina jiran ta yi daidai, har aka aiko mini wata safiya cewa ya cika. 'Ya'yansa ba su da laifin komai a wajenku, ubansu ma ba shi da shi. Ku ne za ku fara zuwa gidajensu, kada ku jira su zo.

Iya Falmata ba ta kai damina ta biyu ba. A watanninta na ƙarshe idon ya rufe gaba ɗaya, kuma nakan shiga gaishe ta kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba ta taɓa tayar da zancen allon ba, ni ma ban taɓa ba. Mukan yi maganar tsadar gero da ciwon ƙafarta da wanda ya rasu a unguwa. Juma'ar ƙarshe da na same ta da ƙarfin magana, na gaishe ta zan tashi, sai ta laluba ta kama bakin rigata.

"Malam Umaru, kai da ba abin da ke wuce maka. Tabon nan da Lawan ya samu da ya faɗo daga katanga, a girar dama yake ko ta hagu? Kwana uku ke nan ina nema ya ƙi zuwa."

Na tsaya na yi tunani iyakar ƙarfina. Na tuna ranar da ya faɗo, na tuna jinin a rigarsa, na tuna wanda ya ɗauke shi. Gefen ne ban iya kamawa ba.

"Ban sani ba, Iya."

Ta saki rigata, ta mayar da hannunta kan cinyarta.

"Ba komai," in ji ta. "Da can in na manta, sai in duba."